Jirgin da ba zai sake shiga ruwa ba: an gyara shi ke nan, ko adana shi kawai aka yi?

Nafi'u Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na kawo wata magana da ni da abokin karatuna muka kasa daidaitawa a kanta, kuma na san a nan akwai waɗanda suka riƙe ƙarfe da hannunsu, ba mu 'yan takarda kaɗai ba.

Maganar wani tsohon jirgin ruwa mai tururi ce, SS Great Britain, da ke birnin Biristol a Ingila. Injiniya Isambard Kingdom Brunel ne ya tsara shi, aka saukar da shi ruwa ranar 19 ga Yuli, 1843. Tsawonsa mita 98, kuma a ranar babu jirgin da ya kai shi girma a duniya. Jikinsa ƙarfe ne a zamanin da manyan jirage duk katako ne, sannan farfela ce ke tura shi ta baya maimakon manyan tayoyin tuƙin nan na gefe. A 1845 ya tashi daga Libaful ya isa Niyok cikin ƙasa da kwana 15. Shekara ta zagayo ya kafe a yashin gaɓar Dundrum a Ayalan, ya yi kusan shekara igiyar ruwa na dukansa bai tarwatse ba, sai dai kuɗin ciro shi ya karya kamfanin da ya gina shi. Waɗanda suka saye shi suka sa shi jigilar mutane zuwa Ostireliya. A 1882 aka cire masa injin gaba ɗaya, ya koma dakon kwal da ƙarfin iska. A 1886 guguwa ta yi masa illa a ƙasan Kudancin Amurka, ya lallaɓa ya fake a tsibiran Fokland, can aka mai da shi sito na ulu da kwal. A 1937 aka ja shi zuwa wani lungun ruwa da ake kira Sparrow Cove, aka huda shi, aka bar shi zaune a taɓo.

A 1970 aka ɗauko shi aka dawo da shi Biristol, aka shigar da shi ainihin ramin gyaran da aka ƙera shi a ciki. Yau yana nan, an yi masa fenti, an tsayar da turakunsa, an gyara ɗakunan fasinja, jama'a na biyan kuɗi su shiga. Amma ba zai sake taɓa teku ba har abada.

Abokina ya ce wannan ba gyara ba ne. Ni na ce abin da suka yi shi ne daidai. Me kuka gani?

Baba Sabo Mai Walda:
Wa'alaikumus salam Nafi'u. Ka gaida abokin naka, ka ce masa ina bayansa.

Ni a ramin gyaran jirgi na ci ƙuruciyata a Legas, walda da yankan faranti. Bari in gaya maka yadda abin yake. Kafin jirgi ya shigo, sai an duba zanen ƙasansa an jera masa gungume a gindin ramin, kowane a inda nauyi zai sauka. A cika ramin da ruwa, a buɗe ƙofa, a jawo jirgin da igiyoyi a daidaita shi, a rufe, sannan famfo ya fara zuƙe ruwa. Wannan lokacin da cikinsa zai fara taɓa gungumen, babu mai hira. In ya zauna a karkace, kun shiga uku. In ruwa ya janye ka sauka ƙasa, warin ɗanyen teku ne zai fara tarbarka, ga ƙwarya-ƙwaryar ƙananan dodon koɗi manne da jikinsa, ga gansakuka tana ɗiga. A kankare, a yi feshin yashi har ƙarfe ya fito fes, mai na'ura ya bi yana auna kauri yana zana da'ira da alli. Duk inda ya zana, mu ne za mu yanke mu sa sabon faranti. A sauya guntayen zinkin da tsatsa ke ci a madadin jirgin, a duba farfela da sitiyarin baya, a yi fenti.

Duk wannan wahalar don rana ɗaya ake yin ta, ranar da za a sake sakin ruwa ka ga ya ɗaga daga kan gungumen da kansa. A wurinmu jirgin da ya shiga rami bai fito ba, ba a cewa an gyara shi.

Injiniya Zainab:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka faɗa haka yake a kan jirgin da aka ƙera da ƙarfen zamani. Amma na Brunel ƙarfensa daban ne, tsohon ƙarfen ƙira ne da ake bugawa a murɗa, akwai zare-zaren kashin maƙera a cikinsa, hawa-hawa yake. Ruwan gishiri ya shekara fiye da ɗari yana ratsa tsakanin hawan nan. Gishirin ba a saman yake ba balle a wanke, yana can ciki.

Abin da ya faru bayan 1970 shi ne darasin. An fitar da shi daga teku ana ganin an cece shi, ashe tsatsa ba ta tsaya ba. Gishirin da ke cikin ƙarfe yana janyo laimar iska, Biristol kuwa garin ruwan sama ne, sai ƙarfen ya dinga kumbura yana ɓarewa ɓawo-ɓawo. Da aka yi cikakken bincike a ƙarshen shekarun 1990, aka ga in ba a yi wani abu ba ƙasan jirgin zai zube a cikin ramin da yake zaune. Masu bincike na Jami'ar Cardiff suka nuna cewa in laimar iska ta sauka zuwa kashi 20 cikin 100, tsatsar irin wannan ƙarfe kusan tsayawa take yi cak.

Shi ya sa aka shimfiɗa rufin gilashi daga jikin jirgin zuwa bangon ramin, daidai inda ruwa ke tsaya masa a da, aka liƙe shi, aka zuba ruwa ɗan kaɗan a samansa. In kana tsaye a sama sai ka rantse jirgin yana kan ruwa. A ƙarƙashin gilashin kuwa manyan na'urori ne ke busar da iska dare da rana, wata a ramin, wata a cikin jirgin. An kammala a 2005. Ku ɗauka an kamo iskar hunturun Kano, wadda ke fasa leɓe, an kulle ta a ƙarƙashin jirgin ba ta fita. Saman jikin da gishiri bai ci sosai ba, shi aka wanke da ruwa mai ƙarfi aka yi masa fenti yadda ka sani.

Nafi'u Gwale:
Na gode Anti Zainab, nan nake son zuwa. Baba, da a ce sai ya yi iyo, dole a yanke kusan duk abin da ke ƙasan layin ruwa a sa sabo. Farantan da maƙeran 1840 suka jera, kowane ya hau gefen ɗan'uwansa, da ƙusoshin ribitin da aka buga da zafi ɗaya bayan ɗaya, duk sai su tafi bola. Abin da zai fita daga ramin sabon jirgi ne mai tsohon suna. Yanzu kuwa mutum yana sauka ƙarƙashin gilashin ya tsaya dab da ƙarfen, ya ga hujojin da tsatsa ta yi, ya ga inda aka ɗaure tsagewar da ta kusa raba shi biyu.

Baba Sabo Mai Walda:
Zainab 'yata, bayaninki ya fita. Irin wannan ƙarfen na taɓa cin karo da shi a wani tsohon kwale-kwalen dako, kana sa masa wuta yana tofar da ƙazanta, ɗinkin ba ya kamawa yadda ake so. Ban musa ba.

Amma Nafi'u, ka tsaya ka ji inda nake. Ribitin nan da kake yabo, mutum huɗu ke buga shi: mai gasa shi a wuta har ya yi ja, mai cafkewa ya zura a huji, mai tokare shi ta ciki, da mai dukan kansa ta waje. In ya huce sai ya tsuke, ya matse farantan biyu har ruwa ba ya wucewa. Yaro zai iya kallon ribiti ta bayan igiya shekara goma, ba zai iya buga ɗaya ba. Haka tukunyar tururi, mai kula da ita da kunne yake sanin lafiyarta. Wannan sanin a hannun mutane yake zaune, kuma in babu jirgin da ke aiki, ranar da tsofaffin suka tafi ya tafi. Ƙarfen kun adana, na ji. Aikin fa?

Hajiya Rabi (Gilasgo):
Baba Sabo, ai abin da kake nema yana nan garinmu. Sunansa Waverley, shi ne na ƙarshe a duniya cikin jiragen fasinja masu tayoyin tuƙi da har yanzu ke fita teku. A nan Gilasgo aka ƙera shi, ya fara aiki a 1947, ya gaji sunan wani da aka nutsar a Dunkirk a 1940. Da kamfanin da ke da shi ya ga ba riba, a 1974 ya sayar wa wata ƙungiyar masu kishin irin waɗannan jirage a kan fam ɗaya tak.

Na shige shi da yarana. Ɗakin injin a buɗe yake ta gefe biyu, kana tsaye a bakin ƙarfen kariya kana kallon manyan sandunan nan uku suna hawa suna sauka, suna sheƙi da mai, zafi na bugun fuskarka, injiniya na tsaye hannunsa a kan liba yana jiran ƙararrawa daga sama. In ta kaɗa sai ka ga komai ya lafa, ya tsaya, ya juya da baya. Ƙaramin ɗana ko kallon teku bai yi ba, a nan ya kafe har muka sauka.

Sai dai gaskiyar Nafi'u ita ma tana nan. An yi masa gagarumin gyara a 2000 da 2003. A 2019 bai yi aiki ba sam, tukwanen tururinsa sun gaji, sai da aka nemi taimakon fam miliyan 2.3 aka cire bututun hayaƙinsa biyu aka zaro tsofaffin tukwanen aka sa sababbi, ya dawo a 2020. Ba wannan ne karon farko da aka sauya su ba ma. Kuma ana kai shi ramin gyara a kai a kai, duk farantin da ya sirance a cire. Injin dai na asali ne.

Nafi'u Gwale:
To kin ga, Hajiya. Waverley an haife shi bayan yaƙin duniya na biyu, ƙarfensa ana samun irinsa, in an sauya faranti ba a yi asarar wani abin da babu kamarsa ba. Great Britain kuwa shi ne kakan manyan jiragen da ke yawo a teku yau. Ba a yi masa na biyu ba. Injin da ke cikinsa yanzu ma kwaikwayo ne aka ƙera don mutane su ga yadda na farkon yake juyawa, kuma ba su ɓoye hakan ba.

Ɗan Tasha:
Ni fa tambayata ɗaya. Nawa aka kashe? Kuma wa ya biya?

Injiniya Zainab:
Ɗauko shi daga Fokland, wani attajiri Jack Hayward ne ya ba da fam 150,000. Aikin gilashi da busar da iska da gyaran wurin ya haura fam miliyan 11, kaso mafi tsoka daga asusun kula da kayan tarihi na Birtaniya. Yanzu kuɗin tikiti da gudummawa ke riƙe shi. Kuma nauyin bai ƙare ba, domin na'urorin nan ba a kashe su, makamashi suke ci kullum.

Amma ɗaukowar ita ce abin ji. Wani masanin ƙirar jirage, Ewan Corlett, ya rubuta wasiƙa a jaridar The Times a 1967 yana cewa a ceto shi. Da ma'aikata suka isa a 1970 suka tarar da babbar tsagewa a gefensa na dama. Mutanen tsibirin suka kawo tsofaffin katifu, masu nutso suka cusa su a tsagewar, aka toshe hujojin, aka zuƙe ruwan cikinsa har ya ɗaga. Aka nutsar da wani makeken dandamalin ƙarfe mai suna Mulus III, aka ja jirgin kansa, aka hura wa dandamalin iska ya taso da shi. Haka aka jawo shi mil kusan 8,000. Daga bakin kogin Avon zuwa cikin gari kuwa a kan cikinsa ya yi iyo, ya wuce ƙarƙashin gadar Clifton wadda ita ma Brunel ne ya zana ta. Ya shiga ramin ranar 19 ga Yuli, 1970, shekara 127 cif da fitarsa.

Baba Sabo Mai Walda:
Katifa! Allah ya yi wa masu dabara albarka. Wannan aikin na san irinsa, abin da ke hannunka da shi kake toshe ruwa. Kuma ku lura, ko a 1970 ɗin ya yi iyo.

Abu Amina (Maiurno):
Salamu alaikum. Ina bin ku tun farko, kuma akwai abin da ba a taɓo ba. Mu a Sudan mun san jirgin tururi ta wata fuska. A Khartum akwai Melik, ɗaya daga jiragen yaƙin da Kitchener, kwamandan sojan Ingila, ya hau kogin Nilu da su, yana cikin waɗanda suka yi ruwan wuta a yaƙin Karari a 1898, inda dubban mutanen Khalifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, suka kwanta a yini ɗaya. Daga baya ya daɗe yana matsayin mazaunin wata ƙungiyar masu wasan kwale-kwale a bakin Shuɗin Nilu. Akwai Turawan da suka yi ta neman a gyara shi. Ni in na tuna shi ba ƙwarewar maƙeri nake fara gani ba.

Shi ma wannan naku, Malam Nafi'u, ba shi ne ya kai sojoji Indiya a 1857 lokacin da mutanen can suka yi wa Ingila bore ba? Kuma dubban da ya sauke a Ostireliya, ƙasar wa suka je suka zauna? Ina tsoron gyaran da zai goge tsatsa ya goge wannan tare da ita.

Malama Binta (Sakkwato):
Malam Abu Amina, maganarka tana da nauyi, kuma haka ne, ya yi dakon sojoji zuwa yaƙin Kirimiya da kuma Indiya. Amma ni a aji na ga abin da rashin shaida ke yi. In ka ce wa ɗalibi Turawa sun shigo ta kogi, sai ya ji kamar tatsuniya. Jirgin da aka bari ya ruɓe ba ya ba da labarin kowa, na mai cin zali ko na wanda aka ci zalinsa. Wanda ke tsaye shi ake iya tsayawa a gabansa a yi gardama a kan abin da za a rubuta a allon bayaninsa. Faɗan a nan yake, kuma ya kamata a yi shi.

Mu ma fa abin ya shafe mu kai tsaye. A 1832, tun kafin a fara ƙera Great Britain, Macgregor Laird da Richard Lander suka shigo kogin Kwara da jiragen tururi biyu, Quorra da Alburkah, na biyun ƙaramin jirgin ƙarfe ne da ya ratso teku tun daga Libaful. A 1854 wani Baturen Birtaniya, William Baikie, ya hau Binuwai da jirgin Pleiad. A 1857 jirginsa Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace, Samuel Ajayi Crowther yana ciki. Bayan nan jiragen kamfani suka cika tsakanin Burutu da Lakwaja da Baro, su ne suka kawo kaya da bindigogi da sojojin da Lugga ya ci Arewa da su, su ne kuma suka yi ta sauka da gyaɗa da auduga da fatu. Wannan duk tarihinmu ne, mai daɗi da marar daɗi. Wasu ƙarafan injin Dayspring an tsamo su an ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba. Ɗalibai nawa aka taɓa kaiwa su gani?

Abu Amina (Maiurno):
Malama, in dai za a rubuta sunan Karari a jikin allon da girman da za a rubuta na Kitchener, ba ni da ja. Sharaɗina ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Awwal Tema:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. A Tanzaniya akwai hanya ta uku. Liemba na tafkin Tanganyika Jamusawa suka ƙera shi a 1913, aka kawo shi gunduwa-gunduwa cikin akwatuna aka haɗa a Kigoma, suka nutsar da shi da kansu a 1916 don kada ya faɗa hannun abokan gaba, Ingilishi suka ciro shi ya koma aiki a 1927. A shekarun 1970 aka cire injin tururin aka sa na dizal, ya ci gaba da kai 'yan kasuwa da buhunan busasshen kifi tsakanin Kigoma da Mpulungu ta Zambiya. Mutanen bakin tafkin ba gidan tarihi suke nema ba, abin hawa suke nema.

Hajiya Rabi (Gilasgo):
Amma Malam Awwal, da aka cire tururin ai an cire abin da Baba yake kuka a kai.

Nafi'u Gwale:
Baba, ni har yanzu ina kan bakana game da na Biristol. Amma zancen Jebba ya tsaya mini a rai. Akwai ɗan ajinmu na sakandare da ke aiki a Ilori, zan roƙe shi ya je ya ɗauko mana hotuna mu ga halin da ƙarafan suke ciki. In an samu masu kula da wurin sun yarda a taimaka, me ya kamata a fara yi?

Baba Sabo Mai Walda:
Ni ma ina kan nawa, ɗana. Game da Jebba, ka ce masa ya ɗauki hoton ta kowane gefe, har da ƙasa inda ƙarfen ya taɓa siminti ko turɓaya, don nan ruwa ke kwanciya, nan ake fara ci. Ya sa wani abu kusa da shi da za a gane girmansa. Kada kowa ya yi gaggawar zuwa da bokitin fenti. Fenti a kan tsatsa rufe ciwo ne, tana ci ta ƙarƙashi ba ka gani. Kada kuma a kai masa injin gurza, zai share duk wani rubutu ko lambar maƙera da ta rage. Abin farko a ɗaga shi daga ƙasa a ɗora a kan katako mai ƙwari, a yi masa rumfa ta kare ruwan sama iska na ratsawa. Sauran sai Zainab ta ga hotunan.

Injiniya Zainab:
Haka ne Baba. Sa'ar da aka yi, ruwan Kwara ba na gishiri ba ne, don haka ba a bukatar gilashi ko na'ura, rumfar da burushin hannu za su yi nisa. Nafi'u, ɗan ajin naka ya fara neman izinin shugaban tashar kafin ya ɗaga waya, kuma a rubuta wa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, don ba a taɓa irin waɗannan kaya ba da saninsu ba. Ka turo mini hotunan in sun zo.